Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Zuba Jari a Gidaje da Bayar da Haya a Yankin Isa da Sabon Birni

A ƙasar Hausa, da zarar mutum ya samu rarar kuɗi, abin da ya fi saurin faɗo masa a rai shi ne fili ko gida. Dalilin a bayyane yake. Darajar naira tana raguwa, dabba tana mutuwa ko a kore ta, kasuwa tana karyewa, amma ana ganin ƙasa tana nan daram. Akwai gaskiya a wannan tunani, sai dai gaskiyar tana da sharuɗɗa. Gida yana riƙe darajarsa idan akwai masu son zama a wurin da yake, idan mallakarsa ba ta da rikici, kuma idan ana kula da shi.

Waɗannan sharuɗɗa uku sun fito fili a gabashin Jihar Sakkwato, daga Tozai da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Isa zuwa Sabon Birni da kan iyakar Nijar. A shekarun baya-bayan nan, gidaje a wasu garuruwan yankin sun zama kango, a wasu kuma ɗaki ya yi wuyar samu. Wannan bayani zai bi batun daki-daki: ma'anarsa, musabbabin ƙalubalensa, yadda mallaka da haya suke aiki, da tasirin da suke yi a kan jama'a.

Mene ne zuba jari a gidaje?

Zuba jari a gidaje shi ne sa kuɗi a cikin dukiyar da ba ta motsi, wato fili, gida, shago ko sito, da niyyar samun riba. Ribar tana zuwa ta hanya biyu. Ta farko ita ce kuɗin haya, wanda ɗan haya yake biya a wata ko a shekara. Ta biyu ita ce tashin daraja, wato a sayi fili yau a sayar da shi nan gaba da kuɗin da ya fi na saye. Wasu masu jari suna neman ɗaya daga ciki, wasu suna haɗa biyun.

Kula da gidan haya kuma aiki ne na daban da ke farawa bayan an gama gini. Ya ƙunshi zaɓen ɗan haya, rubuta yarjejeniya, karɓar kuɗi, gyaran abin da ya lalace, da sasanta saɓani. Mutane da yawa suna tanadin kuɗin gini har zuwa fenti, amma ba sa tanadin lokaci da haƙurin da wannan aiki yake ci. Daga nan ne yawancin asara take farawa.

Dukiyar gida tana da siffofi uku da suka bambanta ta da hatsi ko dabba. Ba a iya ɗauke ta a kai ta inda ta fi tsada. Ba a iya gutsurar ta a sayar da kaɗan idan buƙata ta taso. Kuma ba a sayar da ita a rana ɗaya, sai an jira mai saye. Wanda ya tara buhunan gero zai iya loda su a mota ya bar gari, amma mai gida sai dai ya kulle ƙofa ya tafi.

Yanayin yankin

Isa da Sabon Birni suna cikin tsohuwar ƙasar Gobir. Kufan Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, yana cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Birni, kuma shi kansa Sabon Birni Gobirawa ne suka kafa shi daga baya a ƙarni na 19. Tarihin yankin ya riga ya nuna cewa gari yana cika kuma yana watsewa, kuma darajar gini tana bin mutane duk inda suka nufa.

Arzikin yankin ya dogara ga noman gero, dawa da wake, da noman rani na albasa da kayan lambu a fadamun gulabe, da kiwo, da fatauci tsakanin Najeriya da Jihar Maraɗi ta Nijar. Isa tana maƙwabtaka da Shinkafi ta Jihar Zamfara, wadda kasuwarta ta ranar Alhamis ta daɗe tana jan fatake daga nesa. Saboda haka kuɗi a hannun mutane na lokaci ne. Yana yawaita da kaka da lokacin cire albasa, ya yi ƙaranci da bazara da tsakiyar damina.

A garuruwa irin su Tozai, yawancin mutane suna zaune ne a gidajen gado, baƙo kuma akan ba shi masauki ko aron ɗaki. Haya ta fi ƙarfi a hedikwatar ƙananan hukumomi, inda ake samun malaman makaranta, ma'aikatan lafiya, jami'an tsaro da 'yan kasuwa daga wasu wurare. Shaguna a bakin kasuwa da tasha, da sito na ajiye hatsi, sukan fi ɗakin kwana kawo kuɗi.

Abubuwan da ke jawo ƙalubale

Na farko shi ne rashin tsaro. A watan Mayun 2020, 'yan bindiga sun kashe mutane fiye da 70 a wasu ƙauyukan Sabon Birni. A Disambar 2021 an ƙona matafiya a cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 an sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, kuma ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi a watan Agusta. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa Jihar Maraɗi, musamman yankin Gidan Runji, wasu kuma suka koma cikin garin Isa, Sabon Birni da birnin Sakkwato. Kowace ƙaura irin wannan tana rage darajar gida a inda aka baro, ta ƙara ta a inda aka sauka.

Na biyu shi ne katsewar harkokin kasuwa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe iyaka da Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Najeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Satumbar 2021 an rufe hanyar Marnona zuwa Isa, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, an kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar. Ɗan kasuwar da shagonsa ya yi watanni ba ciniki ba shi da abin biyan haya, ko da kuwa mutumin kirki ne.

Na uku shi ne tsadar gini. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin farashin naira a watan da ya biyo baya, kuɗin siminti, rodi, kwano da katako ya yi tashin gwauron zabo. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Akwai masana'antar siminti ta BUA a Kalambaina, kusa da birnin Sakkwato, amma kafin kaya su isa Isa ko Sabon Birni, kuɗin mota da haɗarin hanya sun hau kansu. Wannan ne ya sa ake yawan ganin gini ya tsaya a linta shekara da shekaru.

Na huɗu shi ne ƙarancin rance mai sauƙi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwanci kuma suna ɗora nasu a kai. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da dokar 1992, yana ba da rance a kan kashi 6 cikin 100, amma an tsara shi ne domin gidan da mutum zai zauna, kuma yana neman cikakkiyar takardar fili. Musulmi da yawa suna guje wa rancen ruwa gaba ɗaya. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin haya mai ƙarewa da mallaka, sai dai su ma takardu suke nema.

Na biyar shi ne ruwa. Garuruwan da ke kwarin Gulbin Rima da rassansa suna fuskantar ambaliya. A 2010 ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki a wannan kwari, har ya yanke hanyar shiga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Filin da ya yi arha da rani, wani lokaci arharsa tana da dalilin da sai a watan Agusta ake ganinsa.

Yadda mallakar ƙasa take a doka

Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sa dukan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, a matsayin amana domin jama'a. Ma'anar wannan ita ce abin da mutum yake saye haƙƙin zama da amfani ne, da kuma ginin da ke kan filin. A wuraren da aka ayyana a matsayin birni, gwamna ne yake ba da wannan haƙƙi, tare da takardar shaidar mallaka wadda aka fi sani da C of O, galibi na tsawon shekara 99. A karkara kuma ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin mallaka na al'ada.

Dokar ta kuma ce sayar da fili mai takardar gwamna, ko jinginar da shi, sai da amincewar gwamna, na al'ada kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Gwamnati tana iya karɓe fili domin aikin jama'a, kamar hanya ko makaranta, kuma diyyar da take biya ta ginin da amfanin da ke kai ce. Wanda ya sayi fili ya bar shi ba gini, ba katanga, ba takarda, shi ne ya fi kowa rauni idan irin wannan ta taso.

A aikace, yawancin cinikin fili a yankin ana yin sa ne ta hanyar gargajiya. Dillali ya haɗa mai saye da mai sayarwa, a je gaban mai unguwa ko hakimi, a rubuta takardar ciniki, shaidu su sa hannu, wani lokaci a kai wa uban ƙasa ya buga hatimi. Wannan takarda tana da amfani a matsayin hujja, amma ba ta kai takardar hukuma ƙarfi ba, kuma banki ba ya karɓarta. Hanya mafi aminci ita ce a haɗa biyun: a yi na gargajiya a gaban mutanen da suka san tarihin filin, sannan a bi sawun takardar hukuma.

Akwai mataki guda da bai kamata a tsallake ba, wato zagaya iyaka. Kafin a biya kuɗi, mai saye da mai sayarwa su tsaya a kan filin tare da maƙwabtan gabas, yamma, kudu da arewa. A ja igiyar awo a gabansu, a haƙa rami a kowace kusurwa, a dasa bulo da siminti nan take, a rubuta tsawo da faɗi da sunayen maƙwabtan a takarda. Rikicin taku biyu na ƙasa ya sha kai mutane kotu shekara da shekaru, alhali aikin awa ɗaya zai iya hana shi.

Gado, shuf'a, hauzi da jingina

Jihar Sakkwato tana da kotunan shari'ar Musulunci, kuma su ne suke sauraron yawancin ƙararrakin gado da filaye tsakanin Musulmi, bisa mazhabar Malikiyya. Akwai ƙa'idoji huɗu da duk mai sayen gida ya kamata ya sani.

Ta farko ita ce ta gado. Gidan da ba a raba ba na dukan magada ne, maza da mata, manya da yara. Babban wa ba shi da ikon sayar da shi shi kaɗai, ko da shi yake riƙe da takardu. Mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotu, ko amincewar kowane magaji a rubuce, har da matan da suke aure a wasu garuruwa da waɗanda suka yi ƙaura zuwa Nijar.

Ta biyu ita ce shuf'a, wato haƙƙin abokin tarayya. Idan mutum biyu sun yi tarayya a gidan da ba a raba ba, ɗaya ya sayar da kasonsa ga bare, ɗayan yana da haƙƙin karɓar wannan kaso a kan kuɗin da aka saya. Wanda ya sayi kaso a gidan gado ba tare da sanin sauran ba, ana iya mayar masa da kuɗinsa bayan darajarsu ta ragu.

Ta uku ita ce hauzi, wato daɗewar riƙo. Idan wani ya riƙe fili ko gida shekara 10 yana amfani da shi kamar nasa, mai shi yana gani bai yi magana ba kuma ba shi da uzuri, kotu ba za ta saurari da'awar mai shi ba. Tsakanin dangi wa'adin yakan kai shekara 40. Aro, haya, jingina da amana ba sa zama hauzi, haka nan tsoro da rashin kasancewa a gari uzuri ne. Wannan ya shafi duk wanda ya baro gidansa a ƙauye. Idan ya bar wani a ciki, ya rubuta cewa aro ne ko amana, a gaban shaidu, domin shaidun baka suna mutuwa ko su watse.

Ta huɗu ita ce jingina. An saba mutum ya karɓi bashi ya miƙa gida ko shago, mai bashi ya riƙa cin hayarsa har a biya shi. Malaman Malikiyya ba su halatta wa wanda ya ba da rancen kuɗi ya ci amfanin abin da aka jinginar masa ba, domin rance ne da ya jawo riba. Mai son shiga irin wannan ciniki ya fara tuntuɓar malami masanin fiƙihu.

Yadda ake lissafin riba

Ana gane ribar gidan haya ta hanyar kwatanta abin da ya rage a hannu a shekara da abin da aka kashe a fili da gini. Ga misali na koyarwa kawai. A ɗauka an kashe naira miliyan 12 a gida mai ɗaki 6, ana ba da kowane ɗaki naira 60,000 a shekara. A takarda kuɗin shiga naira 360,000 ne, wato kashi 3 cikin 100 na jarin.

Sai a cire abin da ba ya shigowa da abin da ke fita. Ɗaki ɗaya ya shekara ba kowa, an rasa 60,000. Wani ɗan haya ya biya rabi, an rasa 30,000. Wakili ya ɗauki kashi 10 cikin 100 na abin da aka karɓa, wato 27,000. Gyaran rufi da kwashe masai sun ci 70,000. Abin da ya rage naira 173,000 ne, ƙasa da kashi 1.5 cikin 100. A Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. A irin wannan yanayi, kuɗin haya kaɗai ba ya mayar da jari cikin rayuwar mai shi.

Abin da yake cike giɓin shi ne tashin darajar filin, ita kuwa ta dogara ga wuri. A unguwannin Sakkwato irin su Mabera, Arkilla, Gidan Igwai da Dambuwa, yawan ɗalibai, ma'aikata da masu ƙaura yana riƙe buƙatar gida. A garin da hanyarsa ta zama abin tsoro, gini mai kyau ma yakan rasa mai taya shi. Saboda haka hikima ita ce kada mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a gini ɗaya, kuma ya ware wani kaso na hayar kowace shekara domin gyara.

Yarjejeniyar haya

A fiƙihu, haya ita ce sayar da amfanin abu na wani lokaci, kuma tana inganta idan an san kuɗin, an san wa'adin, an san irin amfanin da za a yi. Dokar ƙasa ma a kan waɗannan take tsayawa. Mutane da yawa suna jin nauyin rubutu idan ɗan hayar ɗan gari ne ko aboki ne ya kawo shi. Amma rubutu yana kare zumunci, domin yana hana gardamar wa ya ce me.

Takardar haya ta ƙunshi sunayen ɓangarorin biyu da shaidu, adadin kuɗi da ranar biya, ranar shiga da ranar ƙarewa, yawan waɗanda za su zauna, da ko an yarda ɗan haya ya sa wani a madadinsa. A bayyana wanda zai biya kuɗin wuta, ruwa da kwashe masai. A rubuta halin da ƙofofi, tagogi da rufi suke ciki ranar shiga. A kan kowane biya a ba da rasit, ko da ta waya aka turo kuɗin. Ga manomi ko ɗan kasuwar hatsi, sa ranar biya ta dace da kaka ya fi tsananta masa a watan da ba shi da komai.

Yanayin yankin ya ƙara sharuɗɗa biyu. Na ɗaya, a san wanda ake ba haya. A nemi wanda zai tsaya masa, a sanar da mai unguwa, domin mai gida yana iya shiga tuhuma idan aka samu mai laifi ko mai kai wa 'yan bindiga rahoto a gidansa. A yi wannan bincike ga kowa daidai wa daida, ba tare da ware wata ƙabila ko mutanen wani ƙauye ba. Na biyu, a rubuta abin da za a yi da kuɗin da aka biya idan tashin hankali ya tilasta barin gari. Malaman fiƙihu da dama sun ɗauki tsoro na gama-gari da ya hana zama a wuri a matsayin uzurin warware haya, don haka adalci shi ne a mayar da kuɗin watannin da ba a zauna ba.

Kula da gida da aikin wakili

Gini yana lalacewa ne a hankali, kuma yawancin ɓarnar daga ruwa take. Kafin faɗuwar damina a hau rufi a duba ƙusoshin da iskar bazara ta sassauta, a share indararo, a buɗe magudanar tsakar gida. A ginin ƙasa a sabunta yaɓe, a duba azara ko gara ta shige ta. A ginin bulo a lura da gindin katanga. Idan fenti yana kumbura, farin gishiri yana fitowa, filasta tana zuba idan an taɓa ta da yatsa, to damshi ne yake hawa daga ƙasa. Gyaran da buhun siminti ɗaya zai yi bana, idan aka bar shi, baɗi katanga ce za a tayar.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce manyan gyare-gyare, kamar rufi, katanga, rijiya da masai, suna kan mai gida. Ɗan haya amintacce ne a kan abin da aka ba shi, ba ya biyan abin da ya tsufa da kansa, amma yana biyan abin da ya lalata da ganganci ko sakaci. A gidan da mutane da yawa suke tarayya, ruwa, wuta da shara ne suka fi haddasa faɗa. Rijiyar burtsatse mai aiki da sola tana ƙara wa gida daraja, muddin an tsara tun farko yadda za a haɗa kuɗin gyaranta.

Wasu masu gidaje a Isa da Sabon Birni suna zaune a Sakkwato, Kano ko Abuja, sun bar wakili. Sau da yawa wakilin ɗan'uwa ne da ba a yanka masa lada ba, kuma ana jin kunyar tambayarsa lissafi. Wannan yana ɓata dukiya, ya ɓata zumunci. Gara a yanka masa kaso sananne, 'yan haya su riƙa tura kuɗi kai tsaye asusun mai gida, a buɗe littafin shiga da fita, a kuma nemi hoton duk gyaran da aka ce an yi.

Idan saɓani ya taso

Matakin farko shi ne sulhu, ta hannun wanda ya tsaya wa ɗan haya, ko mai unguwa, ko limami. Idan bai yiwu ba, sai a bi doka. A dokokin yawancin jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biyan wata-wata ana ba shi sanarwar wata ɗaya, mai biyan shekara kuma wata 6. Bayan wa'adin ya cika a ƙara sanarwar kwana 7, sannan a shigar da ƙara. Kotu ce kaɗai take da ikon fitar da mutum.

Cire rufi, sauya makulli, watsar da kaya waje ko turo matasa su tsorata ɗan haya duk saɓa doka ne, kuma suna iya mayar da mai gaskiya ya zama mai biyan diyya. Shi ma ɗan hayar da yake da hali ya ƙi biya, ko ya gudu da bashi, ya ci haƙƙin wani, domin sau da yawa hayar nan ita ce abincin marayu ko na tsohon da ya yi ritaya.

Zakka da haraji

Gidan da aka gina domin haya ba a fitar da zakka a kan ginin kansa. Ana fitar da ita a kan kuɗin hayar da aka tara, idan sun kai nisabi kuma shekara ta zagayo a kansu. Filayen da aka saya domin sayarwa kuwa kayan kasuwanci ne, suna da nasu hukuncin. A ɓangaren hukuma, kuɗin haya yana cikin kuɗin shigar da ake biya wa haraji, kuma fili mai takardar gwamna yana da kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Tara wannan bashi yakan zama cikas ranar da aka tashi sayarwa.

Tasiri a kan jama'a da garuruwa

Ga mutanen ƙauyuka, asarar ta ninku. Gidan da suka gina da guminsu ya rasa mai saye, su kuma sun koma biyan haya a gari, ko zama a makarantu da gine-ginen da ba a kammala ba. Wasu sun sayar da gonaki da gidaje a kan farashin da bai taka kara ya karya ba domin biyan kuɗin fansa. Mai sayen irin wannan dukiya ya sani cewa cinikin da aka yi cikin matsi yakan dawo da rikici, kuma sayen ta da farashin adalci ya fi masa aminci a duniya da lahira.

Ga garuruwan da aka koma, cunkoso ya ƙaru. Iyali mai mutum goma yana matsuwa a ɗaki ɗaya, masai yana cika da wuri, ana yanka filaye a kan hanyar ruwa ba tare da tsari ba. Ƙarin kuɗin haya a irin wannan lokaci yana da sauƙi, amma ɗan hayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinsa bashi zai tara. Mai gidan da ya sa farashin da za a iya biya, ya riƙe mutumin kirki shekaru, yakan fi samun kuɗi a ƙarshe.

Kafin a sa kuɗi

Duk mai niyyar sayen fili ko gina gidan haya a Tozai, Isa, Sabon Birni ko birnin Sakkwato ya amsa tambayoyi biyar. Su wa za su zauna a gidan, kuma daga ina suke samun kuɗi? Wa ya mallaki filin kafin mai sayarwa, kuma duk masu haƙƙi sun yarda? Ina ruwa yake bi da damina? Wa zai kula da gidan, kuma nawa ne ladansa? Idan aka shekara biyu ba haya, iyali za su iya jurewa? Wanda ya samu gamsasshiyar amsa ga duka biyar zai iya ci gaba. Wanda ya rasa amsar ko da ɗaya ce, ya dakata ya ƙara bincike, ya tuntuɓi lauya ko ofishin filaye da malamin fiƙihu kafin ya biya ko da kafin alƙalami ne.